Abota Mai Wuyar Sha'ani a Littattafan Hotuna na Yara: Misalin Littafin "Fox"

Malaman firamare da dama sun ɗauka cewa labarin dabbobi bai cika ba sai mugu ya gamu da sakayya, kamar yadda kura ke shan wuya a tatsuniyoyinmu. Littafin "Fox", wanda Margaret Wild ta rubuta, Ron Brooks ya zana hotunansa, aka buga a Ostareliya a shekarar 2000, ya saɓa wa wannan fahimta.

Gobarar daji ce ta ƙona fiffiken wata tsuntsuwa mai kama da hankaka, sai wani kare mai ido ɗaya ya cece ta. Shi yana goya ta, ita tana yi masa jagora. Ana nan sai ga yanyawa. Tsuntsuwar ce ta fara zarginsa, amma kuma ita ce ta bi shi, domin ya yi mata alkawarin gudun da zai tuna mata da tashi sama. Ya kai ta tsakiyar hamada ya yar, ba tare da ya cinye ta ba. Burinsa kawai su ɗanɗani kaɗaicin da yake ciki. Labarin ya tsaya tana tsalle-tsallen komawa gida, ba a nuna isarta ba.

A ganinmu, a nan darajar littafin take. Ɗalibin aji huɗu ya san ƙawa ko abokin da aka hure wa kunne. Malami na iya tambayar ɗalibai ko karen zai karɓe ta, sannan ya sa su rubuta ƙarshen labarin da Hausa. Sai dai masu tsara manhaja su lura: an rubuta kalmomin da hannu, wasu layukan a karkace, don haka bai dace da masu koyon baƙi da wasali ba.