KADA SANA'A TA KWANTA IDAN MAI ITA YA KWANTA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Kona da kewaye, maza da mata, yau za mu yi magana a kan ƙananan sana'o'in da ke taimakon noma.

A ƙasar Tasawa da Mayahi damina wata uku ce ko huɗu. Sauran watanni sana'a ce ke riƙe da gida: man gujiya da ƙuli-ƙuli, injin niƙa, kiwon turka, ko tebur a bakin hanya. To, amma mu duba. Idan masassara ta kayar da mai inji, sai inji ya yi shiru, mata su koma ga turmi. Idan mai man gujiya ta haihu, kwana 40 na jego ba a ganin manta, masu saye su koma wurin wata. Idan maigida ya tafi cirani Kano ko Agadas, kafin ya dawo jari ya narke. Ga shi kuwa lokacin ciwo ne aka fi bukatar kuɗin magani.

Dalilin haka shi ne duk sanin sana'ar yana cikin kan mutum ɗaya. Shi kaɗai ya san awo, shi ya san wurin sari, shi ya san waɗanda ake bi bashi.

Darasi daga Mata Masu Dubara

A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta soma aikin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi. Mai horarwa takan yi watanni tana koya wa mata tsarin asusu, sannan ta janye. Duk da haka taro ba ya mutuwa, domin komi yana da ƙa'ida. Ranar taro sananniya ce a kowane mako. Abin da kowace za ta zuba sananne ne. Akwatin kuɗi yana da kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku. Ana ƙirga kuɗi a gaban kowa, a faɗi jimilla da ƙarfi, domin ko wadda ba ta iya karatu ba ta riƙe a ka. Daga Maraɗi wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama.

Abin da ya riƙe asusun mata shi zai riƙe sana'armu. Ga matakai biyar.

1. Mu tsayar da awo. Tiya ɗaya, kwalba ɗaya, ludayi ɗaya. Mu san tiya nawa ta gujiya muke soyawa a zubi ɗaya, da kwalba nawa ta mai take bayarwa. Idan awo ya tsaya, kowa ya yi aikin, abu ɗaya za a samu.

2. Mu rubuta aikin bi da bi. Ga amfanin yaƙi da jahilci. Mai inji ya rubuta: a duba mai da ruwa kafin a tayar, kada a matsa kusa da bel da babbar riga ko mayafi, a share bayan an tashi. Mai man gujiya ta rubuta: a wanke hannu da sabulu, a tsince gujiyar da ta yi fumfuna a zubar, domin tana ɗauke da guba mai lalata hanta, a rufe mai saboda ƙuda da ƙura. A manna takardar inda ake aikin.

3. Mu ajiye littafi. Kowane shafi gida huɗu: rana, abin da ya shiga, abin da ya fita, bashi da sunan mai shi. A rubuta kullum kafin magariba. Baki yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa.

4. Mu raba kuɗin sana'a da na cefane. Mai sana'a ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka a mako, kada ya wuce. Misali, idan ribar mako jika 5 ce, jika 3 na gida, jika 1 ta koma jari, jika 1 a ajiye domin gyara ko ciwo.

5. Mu koya wa mataimaki. Ɗa, ko ƴa, ko ƙane, ko abokiyar zama. Da fari ya kalla. Sannan ya yi muna kallo. Daga nan mu bar masa aikin yini guda, da yamma mu duba littafi tare. Inda ya yi kuskure, a gyara takarda, kada a tsaya ga faɗa. Mu kai shi ga wanda muke sari wurinsa su san juna.

Wani zai ce: "Idan na koya masa, ai zai raba ni da sana'ata, ko ya ci amana." Tsoron yana da dalili. Shi ya sa muka sa littafi da ƙirga a gaban shaida, kuma muka ce a yanka wa mataimaki ladansa a fili. Wanda ya san rabonsa bai cika sa hannu cikin na wani ba. Hasarar da ke cikin rufe sana'a wata guda ta fi ladan mataimaki yawa.

Ƴan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun muna da lafiya, mu sayi littafi, mu zaɓi wanda za mu koya wa, mu soma a wannan mako. Wanda bai ƙware da rubutu ba tukuna, ya kai takardarsa aji, malami ya taimake shi. Allah ya sa albarka a nemanmu, amin.