Mai Zanen Da Ya Ce Lofe Ba Lofe Ba Ne

A shekarar 1929 wani mai zane ɗan ƙasar Beljiyam, Rene Magritte, ya zana lofen shan taba, ya fitar da shi sak yadda kowa ya san shi. Sa'an nan ya rubuta a ƙarƙashinsa da Faransanci cewa wannan ba lofe ba ne. Wanda ya yi gardama sai ya gwada zuba masa taba ya kunna. Hoton abu daban, abin daban. Wannan ne batun da Magritte ya yi ta juyawa tsawon rayuwarsa.

An haife shi a garin Lessines a 1898. Yana ɗan shekara 13 mahaifiyarsa ta faɗa kogin Sambre ta halaka kanta, a 1912. An daɗe ana cewa da aka tsamo ta rigarta ta lulluɓe mata fuska, wai shi ya sa a 1928 ya zana masoya biyu da kawunansu a naɗe cikin ƙyalle. Masu bincike na baya sun yi shakkar wannan labari.

Da farko abincinsa ya fito ne daga zanen takardar ado ta bango da hotunan talla. Da ya baje zanensa a Burasel a 1927 masu sharhi suka kushe shi, sai ya tafi Paris wajen Andre Breton da jama'arsa, masu aƙidar suriyalizim, watau fito da abin da ake gani a mafarki. Bai wuce shekara uku ba ya koma gida.

Abin mamaki, shi kansa mutum ne mai zaman lafiya. Ya auri Georgette a 1922, suka zauna tare har mutuwarsa a 1967, kuma a cikin gida yake aikinsa, sanye da kwat kamar akawu. Ba ya zana dodanni. Kayan yau da kullum yake ɗauka ya sauya musu mazauni: tuffa ta cika ɗaki har rufi, ga maza masu baƙar hula rataye a sararin sama kamar ɗigon ruwa, ga titi cikin duhun dare alhali sama da shi rana ce tsaka.

Ɗaya daga cikin zanen titin nan aka sayar a New York a 2024 a kan dala miliyan 121.