Tasa da Wuri: Shaidar Kusheyi da Shaidar Harshe

Tasar da ake jerawa a ɗakin amarya a Gangara da sauran garuruwan Damargu tana da tarihin da ya girmi kakanni. Ana iya bin sawunsa ta hanya biyu: abin da aka tono a ƙasa, da abin da harshe ya adana.

A arewacin Turai, mutanen zamanin Bikin sukan binne manyansu da kayan amfanin yau da kullum. A Osebag ta Norwe, an binne mata biyu cikin jirgin ruwa a shekarar 834, tare da bokitai da kayan girki da na saƙa. A Yelin ta Danmak kuwa, Sarki Haral ya kafa dutse mai rubutu wajen shekarar 965 don tunawa da iyayensa. Rubutun nan taska ce ga masu nazarin tsohon harshensu.

Ƙasar Hausa ma tana da irin waɗannan tuddai a Durɓi ta Kusheyi, gabas da Katsina. An haƙa su a 1907, aka sake haƙawa a 1992. An sami tasoshin tagulla, da kayan ado na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da wuri, na tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Sai dai ba a kafa musu dutse mai rubutu ba. A nan ne manazarcin harshe yake da abin faɗa.

Kalmar "tasa" ararriya ce daga Larabci, kuma ɗaya daga tasoshin da aka tono aikin Gabas ta Tsakiya ce. Ke nan kaya da sunansa duk ta Sahara suka ƙetaro. "Kuɗi" kuwa asalinsa jam'in "wuri" ne, shi ya sa har yau ake cewa "kuɗin sun ƙare". An daina ciniki da wuri tuntuni, amma nahawu bai manta ba. Sunan wurin ma shaida ne: "kusheyi" jam'in "kushewa" ne, kalmar da "kabari" ta Larabci ta kusa shafewa a bakin matasa.

Kalma kaɗai ba ta faɗin shekarar da ta shigo, sai an gwama ta da kayan tarihi. Ga shi kuma roba tana korar tasa da akushi daga gidaje, sunayensu na bin su. Ɗalibin da ya zauna da tsofaffin Damargu ya rubuta waɗannan sunaye, ya yi haƙa ba tare da ya taɓa kushewar kowa ba.