Alkafura a Karkace: Daga Dusar Ƙanƙara Zuwa Yashin Arawa

A wasan zamiya kan dusar ƙanƙara akwai wani juyi da ake kira kok. Ɗan wasa zai gangaro a guje kan dogayen katakai biyu da ke ɗaure a ƙafafunsa, tudu ya cilla shi sama, sai ya wulwula a karkace, tsakanin tsaye da kwance, kamar katantanwar da ta fara layi. Ba'amurke Jonny Moseley ya nuna irinsa a gasar Olamfik ta 2002 a Salt Lake City, lokacin da doka ta hana ƙafa ta haye saman kai a fanninsa. Ya juya sau biyu a karkace bai karya doka ba, ya zo na huɗu.

Mai kallo zai ɗauka ƙarfin hali ne kawai, alhali aikin yana ƙarewa tun kafin ƙafa ta bar tudu. A daidai wannan ƙiftawar ido ɗan wasa ke sauke kafaɗa ɗaya ya jefa ta baya, kuma iya ƙarfin juyin da ya ɗauko shi ne guzurinsa har ya dira. A sama abin da ya rage masa shi ne ya dunƙule jiki don juyin ya yi sauri, ko ya buɗe hannuwa ya sassauta, idonsa na neman wurin sauka. Shi ya sa masu koyarwa ba sa fara kai almajiri kan ƙanƙara. Sai ya maimaita juyin a kan gadon tsalle mai roba har jiki ya haddace, sannan ya faɗa ramin soso ko babbar katifar iska. A Park City ta jihar Utah ma cikin tafki ake dira, ana hura iska daga ƙarƙashi don ruwan ya yi laushi.

Wani zai ce ba sai an bi wannan tsari ba, ya kawo hujja da Eileen Gu, wadda ta ci wa Sin zinare a Beijin a 2022 da juyi huɗu da rabi, abin da ba ta taɓa yi a gasa ba. Gaskiya ne, amma a tsallenta na farko a ranar ta yi juyi huɗu cif ta dira lafiya, rabin juyi ta ɗora kan ginin shekaru. Wani kuma zai ce tsari ba ya hana ƙaddara, tunda Sarah Burke ta Kanada, gwanar gwanaye, ta rasu a 2012 bayan ta faɗi wurin atisaye. Haka ne, tsari ba ya kawar da haɗari, rage shi yake yi, kuma idan gwana za ta faɗi da kwalkwali a kanta, ina ga ɗan koyo?

Gombe ba ta da dusar ƙanƙara, amma tana da yara masu alkafura. A unguwa irin Arawa, tulin yashin gini da tsohuwar taya sun isa: yaro ya sheƙo, ya taka taya, ya juya. Baiwar tana nan, matakin koyo ne babu, domin yashin da aka tattake tauri yake yi, kuma wanda juyinsa bai cika ba a kan wuyansa yake sauka. Hana su ba zai yi aiki ba, bayan gida za su koma. Abin da ya kamata shi ne katifu masu kauri a makarantu da filin wasa na Pantami, da babba mai tallafe ƙugun yaro, da sharaɗin cewa ba a haɗa alkafura da murɗa jiki sai an iya kowanne shi kaɗai.