Wayar da 'yan silima suka yi mafarki da wadda ke hannun mutanen Magarya

A shekarar 1966 gidan talabijin na NBC a Amurka ya fara nuna wasan Star Trek, labarin wani jirgi mai yawo tsakanin taurari. Shugaban jirgin, Kyaftin Kirk, yana da wata 'yar na'ura da yake buɗewa kamar bakin jaka ya yi magana da mutanensa, ba tare da igiya ba. A lokacin ana kallon abin tamkar tatsuniya.

Ba a daɗe ba tatsuniyar ta fara zama gaskiya. Ranar 3 ga Afrilun 1973, Martin Cooper, injiniyan kamfanin Motorola, ya yi kira na farko da wayar salula a birnin New York. Nauyinta ya kai kilo guda. Da ta shiga kasuwa bayan shekaru goma, kuɗinta ya kusa dalar Amurka 4,000, kuma cajin awa goma magana ta kimanin minti 30 yake bayarwa. A 1996 kamfanin ya fitar da StarTAC, mai buɗewa kamar ta Kirk.

Ta fuskoki da dama, Tecno ko Itel da ake sayarwa yau a kasuwar Magarya ta zarce abin da aka hango. Na'urar Kirk murya kawai take kaiwa. Tamu tana ɗaukar hoto, tana kiran bidiyo, tana aika saƙon murya ta WhatsApp, wanda ya sauƙaƙa wa waɗanda ba su yi boko ba. Da ita ɗan ci-rani a Kano ko Libiya yake sanar da iyalinsa a Wacha cewa ya turo kuɗi ta Nita, da ita kuma mai riɗi yake jin farashi kafin ya ɗaura kaya. Hatta na'urar tafinta ta wasan ta samu 'yar'uwa, domin tun 2013 Google Translate ya sa Hausa.

Sai dai akwai inda silima ke gaba har yanzu. Na'urar Kirk kai tsaye take magana da jirgin da ke sararin samaniya. Wayarmu kuwa sai ta kama dogon ƙarfen rezo mafi kusa, shi kuma ya miƙa kiran gaba. In ƙarfen ya yi nisa, waya ta zama kurma. Shi ya sa a ƙauyukan bakin iyaka na Magarya da Dungas mutane da yawa ke riƙe layi biyu, na Airtel, Moov ko Zamani da kuma na Najeriya.

Na biyu, ba a taɓa ganin Kirk yana neman wurin caji ba. A nan kuwa, inda wutar Nigelec ba ta kai ba, sai an biya mai faifan hasken rana ko mai janareta. Yanke wutar da Najeriya ta yi wa Nijar a watan Agustan 2023 ya nuna yadda sadarwa ke rataye da lantarki.

Kimiyya ta fara rage wannan tazara. Tun 2022 iPhone 14 ke iya aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan adam a wasu ƙasashe, kuma Starlink ya samu izinin aiki a Nijar. Amma kuɗinsu ya fi ƙarfin manomi. Ga matar da naƙuda ta kama da dare a wani ƙauyen Dogo-Dogo, abin da ake buƙata shi ne rezo da batiri mai caji, don a kira motar asibiti a kan lokaci.