Hisabin Iska ga Mai Tafiya Bisa Keke

Ga ɗari ya kama, hazo ya rufe gari, sai na ga ya kamata a yi magana a kan wata abokiyar tafiya wadda ba a gayyatarta, watau iska. Duk wanda abincinsa ke bisa keke, ko mai kai buhun hatsi kasuwa ne, ko mai kai jarkokin man gyaɗa birni, ko malami mai zuwa ziyara ƙauye, ya san akwai ranar da zai taka feda har gwiwa ta yi tsami, amma itacen da ya hango tun ɗazu yana nan inda yake. Galibi sai mutum ya zargi tsufa, ko ya ga laifin mai gyaran keke. Alhali kuwa ba ruwansu.

Iskar hunturu dai mafitarta sananniya ce. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har ta taɓa Maris, tana tasowa daga arewa maso gabas. Ƙurar da take ɗauke da ita kuwa, da yawanta daga wani kwari ne na ƙasar Cadi da ake ce wa Bodele, wanda dā can tafki ne ya ƙafe. Tun da an san inda take fitowa, to, mai keke yana iya sanin yadda za su kwashe da ita tun bai bar ƙofar gida ba. In ka fita Kano ka nufi Gezawa, gaba da gaba za ku yi. In Kura ka nufa ta hanyar Zariya, galibi tana bayanka tana tura ka. In kuwa Bichi za ka ta hanyar Katsina, daga damanka za ta riƙa dukanka.

Mu fara da ta gaba. Masana sun auna sun ga cewa in ƙarfin iskar da ke dukan ƙirjin mahayi ya ninka biyu, nauyin da take aza masa ba biyu yake ninkawa ba, huɗu ne. Mutum yana tafiyar kilomita 15 a sa'a ran da gari ya yi tsit, iskar 15 ce ke dukansa, wadda shi ya jawo da gudunsa. Ran da hunturu ya tare shi da tasa 15, sun zama 30 ke nan, nauyi ya koma huɗu. Shi ya sa mai ƙoƙarin riƙe gudunsa na kullum yake ƙarewa tun hanya ba ta raba ba.

Akwai masu cewa, ai ba kome, abin da iska ta ci a zuwa za ta biya a komowa. 'Yan kasuwa ma'abota lissafi ne, su duba wannan. A ce kasuwa tana nisan kilomita 20. Ran da babu iska ka je ka komo a kan 15 a sa'a, sa'a 2 da minti 40 ke nan. Ran iska ka tafi a kan 10, sa'a 2 cur. Ka komo a kan 20, sa'a 1. Jimla sa'a 3. Iska ta karɓi biyar ta mayar da biyar, amma duk da haka ta riƙe maka minti 20, domin ka daɗe a cikin wahala fiye da yadda ka daɗe a cikin sauƙi. Bashinta ba ta biyansa duka.

Ita ta gaba gajiya kaɗai take kawowa. Wadda ke kisa ita ce ta gefe. Tun 1972 da Nijeriya ta koma bin hannun dama, mai zuwa Bichi yana gefen dama na titi, iska kuma daga dama take, watau duk sa'ad da ta bugo, tsakiyar titi take tura shi, wurin motoci. Ta fi muni a inda ta sami kafa: ƙarshen jerin gidaje, ko tsakanin itatuwa, ko bisa gada. Mutum yana cikin tafiya a kariyar katanga, sai katangar ta ƙare, sai ya ji kamar an bangaje shi.

A komowa kuma wani tarko ne dabam, ni da kaina na faɗa cikinsa shekarun baya. Na sayo wa almajirai tabarmi a can wajen, na naɗe su ɗauri guda, na tsayar bisa kariya har ya ɗara kaina, ga ni kuma da babbar riga. Iska tana hagu, ni kuwa na karkata jikina gare ta ina tokare ta, kamar mai jingina da bango. Sai ga babbar mota ta zo wucewa ta hagun nan. Nan take ta tare iskar, bangon da na jingina da shi ya gushe, keke ya zabura wajen tayoyinta. Tsakanina da ƙarfen bayanta bai fi taƙi ba. Tana wucewa iska ta komo gaba ɗaya, ta ɗebe ni da tabarmi ta zuba a kwalbati. Kafaɗa ta goce, na yi kusan wata biyu ban riƙe alƙalami ba. Direban bai ma san an yi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ni na ɗaura wa kekena tanti.

Daga ran nan na koyi ɗaurin kaya. Abu mai nauyi ya zauna ƙasa, daidai a ɓangarorin nan biyu. Abu mai faɗi maras nauyi, irin su zana, da tabarma, da kara, da jarka ba kome ciki, shi ne abin tsoro, ba buhun gero ba. A kwantar da shi, kada ya wuce kafaɗa. Babbar riga a naɗe ta a sa a jaka, in an isa a saka, girma ba ya zubewa a hanya. In ka ji ƙugin babbar mota a baya, ka daina karkata, ka rage gudu, ka riƙe kan keke da hannu biyu, gwiwar hannu a sake. In abin ya faskara, sauka ka tura. Cen kuma kada a cika masa mai a wannan lokaci, ƙura ce za ta manne ta cinye shi. A goge, a ɗiga kaɗan.

Sa'an nan lokaci. A hunturu iska takan kwanta da dare, ta tashi da hantsi, ta lafa wajen yamma. Saboda haka mutumin Gezawa mai kawo kaya Kano ya yi arziki, yana ɗauke da nauyi tana tura shi, zai koma da maraice ta riga ta sassauta. Mutumin Kura kuwa akasin haka, shi da kaya zai fuskance ta. Maganinsa sammako, ya ci rabin hanya kafin rana ta ɗaga. Amma sammako na da nasa haraji, sanyi da duhu da hazo, direba ba ya hangen nesa. Lalle ne a sa fitila ko tocila, da wani farin ƙyalle a bayan kaya.

In kuna da yawa, ku yi abin da 'yan tseren keke na Turai ke yi. Ɗaya ya shiga gaba ya fasa iska, saura su bi bayansa, in ya gaji ya koma ƙarshe wani ya karɓa. A gudun tsere, na baya yakan tsira da kusan sulusin ƙarfinsa. In iskar ta gefe ce sukan jeru a karkace, kowa ya fake a kafaɗar ɗan'uwansa, har su cika titi. Wannan na ƙarshe kada a kwaikwaya, su an rufe musu hanya ne, ku kuwa kuna tare da tirela. Kuma mai kaya birkinsa ba ya ci da wuri, a bar tazara.

Abin mamaki, a ƙasar Holan, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tamu, har gasa aka ƙago ta karo da iska. An fara ta a 2013, bisa wani dogon shingen tare teku, nisan kilomita 8 da rabi. Ba a yinta sai ran da aka yi iska mai tsanani, kuma da keke maras giya, ɗan'uwan Raleigh da Phoenix ɗinmu na kai kaya. A 2023 sai da aka fasa ta, domin iskar ta wuce abin da su ma za su iya.

Duk wannan zancen hunturu ne. Iskar farkon damina ita ba ta da wannan hisabi. In ka ga gabas ta yi baƙi, jar ƙura ta taso a gaban hadari, to, minti kaɗan gare ka. Sauka, ka kwantar da keke nesa da titi, ka nemi ginin da za ka fake. Kada ka tsaya ƙarƙashin itace guda a fili, ko kusa da rumfar kwano, don kwanon shi yake fara tashi.