Daga awara zuwa allurar saran maciji

Yau daga nan Birnin Malam zan fara da mai awara.

Kun ga idan ta tafasa madarar waken suya ta zuba ruwan tsami, abin ya dunƙule ya rabu da ruwa? To, furotin ke nan ta ware. Da irin wannan dabarar ake haɗa allurar saran maciji.

Ga yadda ake yi. Ana yi wa doki allurar dafi kaɗan-kaɗan na tsawon watanni, har jininsa ya samar da furotin mai kashe kaifin dafin. Sai a ɗebi jinin, a ware ruwansa, a zuba wani sinadari mai tsami, wato kafirilik asid. Sauran furotin da ba a so sai su dunƙule, a tace su. Mai awara dunƙulen take so, su kuwa ruwan da ya rage shi ne maganin. In tacewar ba ta yi kyau ba, allurar kanta za ta iya tayar wa majinyaci da ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi.

Haka ake yin EchiTAb-Plus a ƙasar Kosta Rika, da dafin macizanmu: kububuwa, kasa da gamsheƙa. Wadda aka yi da dafin macizan Indiya ba lallai ta yi wa manomin Jega aiki ba.

Don haka in tsautsayi ya faɗa, a garzaya asibiti, a kuma tambayi sunan allurar. 'Yan'uwana ɗaliban kimiyya na jami'ar Aliero, wannan aikin ku yake jira. Sai mun haɗu a kashi na gaba.